Goɗiyar da Ta Ƙi Ruwa a Shumaisi

Ni ɗan baduku ne. A Makka aka haife ni, a wata rumfar kwano da ke bayan Mansur, tun unguwar ba ta wuce bukkoki da 'yan shaguna jefi-jefi ba. Mahaifina Bakano ne, aikin hajji ya kawo shi, ya zauna bai koma ba. A hannunsa na koyi ɗinkin fata: takalma, salka, majayi, ragama, gyaran sirdi. Da ya rasu na gaji rumfar, ta nan kuma na saba da masu dawaki.

Cikin masu kawo mini aiki akwai wani dattijo Basakkwace, dogo, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Ya baro gida yana saurayi, ya biyo ta Wadai da Darfur, ya daɗe a Sudan kafin ya tsallako teku. Sana'arsa horar da dawaki da yi musu magani. Attajiran Makka da ke ajiye doki don sha'awa, in dokinsu ya yi gardama ko ya kwanta ciwo, shi suke aika wa. Har ya koma ga Allah Larabcinsa bai miƙe ba, amma in ya buɗe baki a kan doki, sai ka ga Balarabe mai alkyabba ya yi shiru yana saurare.

Shi kansa goɗiya ɗaya gare shi, ja, mai farin goshi. Ya same ta tana 'yar wata biyu, uwarta ta mutu a bargar wani attajiri, aka ce ya ɗauke ta in yana so, don ba mai zaton za ta kai labari. Da nonon akuya da jiƙaƙƙen dabino ya raine ta a tsakar gidansa a Hindawiyya. Tun da ta zo duniya ba wanda ya taɓa ɗaga mata sanda. Da murya yake tuƙa ta, da ɗan matsin gwiwa.

A wancan zamani, kowace Juma'a bayan la'asar, masu son dawaki kan taru a wani fili mai yashi can gaba da Hindawiyya, inda gidaje suka ƙare. Akwai Larabawan gari, akwai mutanen daji masu kawo dabbobi sayarwa, akwai mu 'yan Takari. Ana kawo ɗanyun dawaki da ba a taɓa ɗora wa sirdi ba, a sa musu ragama kawai, mutum ya ɗare. Doki ya yi ta tutsu, ya miƙe tsaye, ya dunƙule, ya watsa ƙafafun baya, har ya yar da mahayinsa ko ya gaji ya sallama. Ba caca a ciki. Wanda ya fi daɗewa a baya shi ke da baki har wata Juma'ar. Ni Allah ya ba ni cinya mai riƙo, kuma ba ni da nauyi. Na sha faɗuwa, sau ɗaya har na karye a kafaɗa, amma a 'yan shekaru sai da ya zama in an kawo doki mai mugun hali, ni ake nema.

Dattijon yakan tsaya gefe yana kallo, bai taɓa yabona ba. Rana ɗaya dai da na sauko daga kan wani baƙin doki, ana ta yi mini kirari da Larabci, ya matso ya ce, "Ka iya zama. Saura ka iya ji." Ban gane abin da yake nufi ba, kuma ban tambaya ba.

Bayan shekara biyu na auri 'yarsa. Daga nan kunya ta shiga tsakaninmu yadda aka saba. Ba ma cin abinci a kwano ɗaya, ba na zama a tabarmar da yake, in na gaishe shi a durƙushe nake, idona a ƙasa. Shi kuma ya daina kiran sunana, sai dai ya ce "kai". Abu ɗaya ne ya rage mana da za mu yi magana a kai ba tare da nauyi ba, shi ne doki. A bakin turke mukan yi sa'a guda muna hira, amma da mun wanke hannu mun shiga zaure sai kowa ya kama bakinsa.

Bayan yaƙin Turawa ya ƙare, motoci suka fara yawa a hanyar Jidda, masu dawaki kuma suka fara jin kamar ana ture su gefe. Ina jin wannan ne ya sa wani attajiri mai son dawaki ya kawo shawarar a yi doguwar tafiya: a tashi daga filin nan bayan sallar asuba, a je Bahra, wato rabin hanyar Jidda, a dawo a ranar kafin magariba. Ba sukuwar ɗan lokaci ba ce, gwajin juriya ne na doki da mahayi. A Bahra akwai mai rumfar gahawa da zai ɗaura wa kowane doki jan zare a geza, shaidar ya iso. Wanda ya fara dawowa, attajirin zai yafa masa alkyabba. Aka sa rana a cikin watannin sanyi.

Surukina a lokacin ƙafarsa ta matsa masa, ba ya iya wuni a kan sirdi. Wata safiya ina tsefe wa goɗiyar geza ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai za ka hau ta."

Na ce, "Baba, akwai waɗanda suka fi ni sanin hanya."

Ya ce, "Hanya ita ta san ta. Kai nika so ka hau."

Kwana arba'in muka yi muna shirya ta. Kullum da sassafe in fita da ita kilisa, yau kusa, gobe a ƙara nisa, yana zaune a bakin fili yana jiran dawowarmu. In mun dawo sai ya sa tafin hannu a ƙirjinta, ya ɗaga leɓenta ya dubi dasashi, ya tsunkuli fatar wuyanta ya ga yadda take komawa. Ya sa ni ma in yi. Sha'ir yake ba ta da awo, da ɗanyar ciyawar barsim kaɗan. Ni kuma na ɗinka mata sabon majayi mai laushi, na rage wa sirdin nauyi.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ya faɗa mini abin da yake so in riƙe. Ya ce, "Dabba ba ta da bakin da za ta ce maka ta gaji. Wagga kuwa ko tana da shi ba ta faɗi, don zuciya gare ta. In ka kai ta ga ruwa tas sha, ku ci gaba. In ka kai ta ga ruwa taƙ ƙiya, ko ka taɓa wuyanta ka ji zufa ta ɗauke, sauka. Ko kana hangen ƙofar gida, sauka ka ja ta."

Na ce, "To, Baba."

Matata ta cika mini ƙaramar salka, ta ƙulla mini dabino a gefen rawani. Ta ce, "Ka san tare muka tashi da ita. Ni na riƙa ba ta nono a ƙoƙo." Na yi dariya na ce zan dawo mata da 'yar'uwarta lafiya.

Mu goma sha wani abu muka tashi. A cikinmu akwai wani abokina Bahijaze, ɗan masu sayar da hatsi, wanda muka daɗe muna faɗuwa tare a filin Juma'a. Yana kan wani farin doki mai dogayen ƙafafu. Tafiyar zuwa ba ta da labari. Iska da sanyi-sanyi, muna bin gefen hanyar mota inda ƙasa ke da taushi, muna wuce ayarin raƙuma da jakuna. Wasu samari suka saki linzami tun daga fita, muka bar su, kafin garin Hadda muka tarar da biyu a cikinsu suna jan dawakinsu. Goɗiyar tana sassarfa, kunnuwanta a gaba, kamar ba ta san da ni a bayanta ba. Hantsi ya ɗaga sosai muka shiga Bahra, ni ne na uku. Mai gahawa ya ɗaura mata zare. Na kwance majayi, na bar ta ta huce, ta sha ruwa da kyau, ta ci ɗan barsim.

A dawowa ne rana ta juya. Wajen azahar wata iska mai zafi ta taso daga gabas, irin wadda ba a saba gani ba a wannan lokaci na shekara, tana busar da leɓe. Muka yi salla a Hadda ni da abokina, a gurguje. Mutum biyun da ke gabanmu muka cim musu ɗaya bayan ɗaya, dawakinsu sun sare. Kafin mu kai Shumaisi ya zama ba kowa a gaba, daga ni sai shi.

A Shumaisi akwai rumfar gahawa da kwamin shayar da dabbobi. Na sauka na ja ta zuwa bakin ruwa. Ta sunkuya, ta sa baki, ta ɗago ba ta sha ba. Na yi mata fito yadda surukina yake yi, na ɗebo ruwan a tafi na kai mata. Ta kawar da kai. Na sa hannu a wuyanta, na ji shi a bushe, da zafi kamar dutsen da ya wuni a rana, gishirin zufa ya yi fari a gashinta.

Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Na tsaya ina lissafin abin da ya rage na hanya, ina ce wa kaina ai mun ci kashi uku cikin huɗu, ai rana ta fara sanyi, ai ita ba kamar sauran dawaki ba ce. Na tuna filin da mutanen da ke jira, na tuna yadda za a ce ɗan Takari ne ya zo na fari a kan goɗiyar ɗan Takari. Na tuna surukina, wanda bai taɓa yabona ba.

Abokina ya riga ya sauke wa dokinsa sirdi. Ya dubi goɗiyar, ya dube ni, ya ce da Larabci, "Halas, ɗan'uwa. Nawa ya gama, taka ma ta gama. Zauna mu sha shayi, in rana ta faɗi mu ja su."

Na ce, "Tawa da sauranta."

Ya ce, "Ka ji tsoron Allah."

Na ɗaure majayi na hau. Ta tafi, amma ba da sassarfar safe ba. Muka wuce ginshiƙan nan da ke nuna iyakar harami, muka shiga ƙasar da ba a sare ƙaya a cikinta, ba a firgita tsuntsu. Da muka ɗan yi nisa ta rage tafiya, ta koma taku, sannan ta tsaya cik. Na yi mata magana, na matsa gwiwa, ba ta motsa ba. Akwai 'yar sandar gora da nake soke wa a sirdi don korar karnuka. Na zare ta na tsula mata a cinya. Ta zabura, ta juyo da kai ta dube ni. Na ƙara mata. Sau uku na dake ta a wannan hanya, kuma duk lokacin da na dake ta sai ta ba ni abin da ya rage mata.

Rana na kan duwatsu muka shigo fili. Mutane suka taso da ihu, aka kama linzami, aka sauke ni a kan hannuwa, attajirin ya yafa mini alkyabba. Ta cikin taron na hango surukina yana ɗingisowa. Bai nufo ni ba. Ya je wurinta, ya sa hannu a ƙirjinta, ya ɗaga leɓenta. Ya sunkuya ya dafa kofatonta na gaba ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe ya zagaya bayanta, na ga yatsunsa sun bi ta kan shatar sanda. Ya kwance majayi da kansa, ya sauke sirdin a ƙasa, ya cire rawaninsa ya tsoma a ruwa ya shimfiɗa mata a wuya.

Daga fili zuwa gida tafiyar da ba ta kai a tafasa shayi ba ce, amma har aka yi magariba aka idar muna hanya. Taku biyar, ta tsaya. Washegari ta kasa taka ƙafafun gaba. Ta miƙa su gaba, ta mayar da nauyinta baya, tana nishi. Zafi ya sauka mata a kofato, ciwon da kowane mai doki yake tsoro.

Surukina ya sa aka haƙa rami mai faɗi a gindin turke, aka cika shi da yumɓu da yashi, ya ce dole ya kasance a jiƙe ba dare ba rana, ta tsaya a ciki. Wanda ya san Makka ta wancan lokaci ya san abin da ruwa yake. A bazan ake ɗebowa, wato wurin ɗibar ruwa na unguwa, a bi layi da 'yan ga-ruwa. Na rufe rumfata, na ari sanda da garwa biyu, na shiga layi. Tun asuba nake jigila har rana ta take, in huta, in koma bayan la'asar. Kafaɗata da ta taɓa karyewa ta kumbura, ta saɓule. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya ce in bari. Shi kuma ya tsaga mata jijiya ya rage jini, ya hana ta sha'ir, yana dafa mata wasu saiwoyi yana ɗura mata. Yakan zauna a kan buhu kusa da kanta, yana mata magana ƙasa-ƙasa da Sakkwatanci.

A kwanakin nan magana tsakaninmu ba ta wuce "ƙaro ruwa" da "riƙe nan" ba. Matata kuwa ta koma gidan mahaifinta da wuni, tana taya shi. In ta kawo mini abinci sai ta ajiye ta juya. Alkyabbar ta naɗe ta ta sa a ƙasan akwati, ba ta tambaye ni ba, ni ma ban nema ba. Ranar farko da ta tambaye ni abin da ya faru, na ce mata iska ce mai zafi, kuma goɗiyar ba ta nuna komai ba sai da muka kusa gida. Ta dube ni kawai. Wannan ƙarya ta fi garwa nauyi.

Rana ta tara abokina Bahijaze ya zo dubiya. Ya gaida surukina, ya tsaya ya dubi goɗiyar, ya yi mata addu'a. Ina tsaye da garwa a kafaɗa, ina jiran ya faɗi abin da ya gani a Shumaisi. Bai faɗa ba. Ya sha gahawa, ya yi sallama, ya dafa kafaɗata a ƙofa ya wuce. Da ya tafi sai na ji rufin asirin nan ya fi mini tonawa ciwo.

Na juye ruwan a rami, na ajiye garwa, na durƙusa a gaban surukina a cikin laka. Matata tana bakin madafa, tana jin mu.

Na ce, "Baba, ina da magana."

Ya ce, "Ina jiya."

Na ce, "Ta ƙi ruwa a Shumaisi. Na taɓa wuyanta, a bushe yake. Na sani, na hau. Da ta tsaya na dake ta, sau uku."

Ya shafa goshin goɗiyar. Can ya ce, "Inda kad dake ta, kun wuce iyaka ko ba ku kai ba?"

Na ce, "Mun wuce. A cikin harami ne."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Na zaci nan zai tsaya, ko ya tashi ya bar ni. Sai ya gyara zama, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, matata ma daga baya ta ce ba ta taɓa ji ba. Ya ce a hanyarsu ta zuwa, tsakanin Wadai da Darfur, ayarinsu ya iso wata rijiya suka tarar ta ƙafe. Akwai mata da tsofaffi. Doki ɗaya ne a ayarin, na madugu, aka ba shi don shi ne mara nauyi, aka rataya masa salkuna ya nemi rijiya ta gaba. Ya je ya dawo a wuni ɗaya, kuma dokin ya faɗi matacce ana hangen ayari, sai da mutane suka rugo suka kwashi salkunan.

Ya ce, "Shekara hamsin ke nan, har yau ina ganin idon dokin ga. Ni ruwa nika nema ma mutanen da ƙishirwa za ta kashe, kuma duk da haka bai bar ni ba. Kai mi kaka nema?"

Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a laka. Ban ce masa yabonsa nake nema ba, don na ga in na faɗa kamar na ɗora masa rabin laifin ne, alhali ya gaya mini abin da zan yi da bakinsa.

Ya ce, "Ni ba ni da abin da zan yafe. Ba ni kad daka ba. Tashi ka ɗebo ruwa, ramin ya fara bushewa."

Na tashi na ɗauki garwa. Da na dawo na tarar matata ta ajiye mini abinci a inuwa, ta zauna a gefe har na gama ci. Ta kawo man kaɗanya ta shafa mini a kafaɗa.

Goɗiyar ba ta mutu ba. Wajen mako na bakwai ta fara taka ƙasa da kanta. Amma kofaton ya fito a murɗe, da zobe-zobe, kuma ba ta sake iya taka tsakuwa ba sai da ɗingishi. Ba a ƙara ɗora mata sirdi ba. Kullum da safe surukina yakan ja ta zuwa wurin yashi su ɗan zaga, a hankali, su dawo. Mutanen unguwa suka saba da ganinsu.

Ni na koma rumfata. Shekara guda ban je filin Juma'a ba. An sake yin doguwar tafiyar sau ɗaya ko biyu, aka aiko mini, na ce a ba ni haƙuri. Sai wata rana surukina ya aiko matata ta ce yana kirana. Na tarar an kawo masa wani ɗanyen doki mai cizo, na wani attajiri. Ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba, in karɓa. Na ce ina tsoron hannuna. Ya ce, "Yanzu ne nika yarda da shi." A gabansa na hori wannan doki, wata uku, ba tutsu ko sau ɗaya, don bai bar ni na hau ba sai da dokin ya saba da hannuna da muryata. Daga nan aikinsa ya riƙa dawowa wurina kaɗan-kaɗan. Mun yi shekara huɗu a haka, yana zaune a kan buhu yana gyara mini, kuma a shekarun ne na koyi mafi yawan abin da na sani.

Ya rasu bayan wani aikin hajji, zazzaɓin kwana biyar. Muka kai shi Harami aka yi masa salla, muka rufe shi. Gidansa na haya ne, kuma unguwar ta fara cika da gini, filin yashin ma an fara yanka shi. Ba inda goɗiyar za ta taka sai dutse. Matata ta so mu riƙe ta a Mansur, amma lungunmu tsakuwa ne zalla, kwana uku da kawo ta ta koma tsayuwa da ƙafa uku. Abokina Bahijaze ya ce kawunsa yana da gonar dabino a Wadi Fatima, ƙasa mai taushi, ga ruwa yana gudana, kuma tsohon mutum ne mai tausayin dabba. Muka yi shawara da matata kwana biyu, ta yarda.

An ce a ɗora ta a babbar mota, na ƙi, don ba ta taɓa shiga ba, kuma girgizar za ta wahalar da ƙafafunta. Na ɗinka mata takalman fata masu kauri, na cusa auduga a ciki, na ɗaura mata. Matata ta rako mu har ƙarshen gidaje, ta rungume wuyanta, ta juya da sauri. Tafiyar da mai doki yake yi kafin hantsi, mu kwana biyu muka yi. Ina gaba da ragama a hannu, in ta tsaya in tsaya, in ta ga dama mu ci gaba. Inda muka sami inuwa muka yini, muka kwana a rumfar wasu makiyaya.

Mun isa gonar da la'asar ta rana ta biyu. Tsohon ya fito ya karɓe mu, ya duba ƙafafunta, ya ce in kwance mata takalman. Na kwance, na cire ragamar. Ta ɗan tsaya, sannan ta taka zuwa bakin magudanar ruwa inda ciyawa take, ta fara kiwo. Na yi wa tsohon bayanin abincinta, da yadda ake yanke mata kofato duk wata, na nuna masa da hannuna. Ya ce in kwana, na ce akwai aiki yana jirana. Na naɗe ragamar na sa a hammata, na fita bakin hanya, na sami motar kayan lambu mai zuwa Makka, na hau baya a cikin kwandunan tumatir.

Ta shekara uku a gonar. Ina zuwa duk bayan wata biyu in yanke mata kofato, sau biyu matata ta bi ni da 'ya'yanmu. Wata rana abokina ya zo rumfata ya ce kawunsa ya aiko, an wayi gari an same ta kwance a gindin dabino, ta mutu. Na ajiye basillar da ke hannuna, na rufe rumfa, na tafi gida in gaya wa matata.